Yadda Ake Tayar da Tsohon Injin Kwalekwale Bayan Ya Daɗe a Ajiye

Maraɗi ba garin jiragen ruwa ba ne, amma akan tarar da injin kwalekwale jingine a bangon shago ko a kusurwar zaure, lulluɓe da buhu, ya yi shekara biyar ko goma ba a taɓa shi ba. Wani ya zo da nasa daga yankin Diffa lokacin da rashin tsaro ya durƙusar da harkar kifi a tafkin Cadi, wani ya saye shi a Gaya ko a Yawuri, wani kuma gadonsa ya yi. Idan damina ta kankama, Gulbin Maraɗi ya kawo ruwa, tafkin Madarunfa ya cika ya batse, sai mai injin ya tuna da kayansa. Abin da hannunsa ke fara kaiwa gare shi shi ne igiyar tayarwa, alhali ita ce ta ƙarshe da ya kamata a taɓa, domin ɓarnar da ake yi wa irin wannan inji a mintin farko na tayarwa takan fi wadda shekarun ajiya suka yi masa.

Dalili kuwa yana cikin ƙirarsa. Makanikan garin nan sun ƙware a kan babur da janareta da injin ban-ruwa irin na lambunan Jiratawa, waɗanda iska ce ke sanyaya su, kuma yawancinsu suna da wurin zuba baƙin mai daban. Tsohon injin kwalekwale ya saɓa musu ta fuska biyu. Ba shi da ma'ajiyar baƙin mai, man da ke jiƙa fistin da sauran ƙarafansa yana shiga ne gauraye da fetur, don haka injin da ya daɗe a ajiye cikinsa a bushe yake ƙamas. Kuma da ruwan da yake zuƙowa daga tafki yake sanyaya kansa, ta hanyar wani ƙaramin famfo mai fuka-fukan roba da ke cikin ƙafarsa. Duk wanda ya tayar da shi a tudu kamar yadda ake gwada babur, to ya ƙona wannan roba cikin daƙiƙu kaɗan. Ya kamata mai injin ya faɗa wa makanikinsa wannan magana tun kafin a kwance ko noti ɗaya.

Aikin farko shi ne a san ko wane inji ne. A jikin ƙarfen da ke maƙale injin a bayan jirgi akwai ɗan allo mai ɗauke da lambar samfuri da lambar ƙira, sai a goge shi a ɗauki hotonsa da waya, saboda da wannan lamba ce kaɗai za a sami kayan gyara da suka dace. Wanda aka fi gani a yankinmu shi ne Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 25 ko 40, kuma kayansa ba su da wuyar samu. Akwai kuma Johnson da Evinrude na Amurka, waɗanda kamfanin OMC ya riƙa ƙerawa har ya durƙushe a shekarar 2000, aka kuma daina yin Evinrude gaba ɗaya a 2020. Sanin shekarar injin ba son tarihi ba ne, domin ita ce ke nuna yawan man da za a gauraya: Johnson da Evinrude na kafin 1964 suna son kashi ɗaya na mai cikin kashi 24 na fetur, na bayan nan kuma ɗaya cikin 50, yayin da tsohon British Seagull na Ingila yake shan ɗaya cikin 10.

Daga nan sai a ɗaura injin a tsaye a jikin katako mai ƙwari, a cire murfinsa, a dube shi da idon basira. A ƙasashen da ke bakin teku tsatsa da gishiri ne ke cin inji, amma a nan Maraɗi abokan gabarsa su ne zafi da ƙura da ƙwari. Zafin watan Afrilu da Mayu, wanda ke wuce digiri 40, yana busar da duk wani abu na roba har ya tsattsage, ƙurar hunturu kuma tana shiga ko'ina ta haɗu da tsohon giris ta zama taɓo mai tauri. A duba wayoyi ko kusu ya gwaguye su, a lanƙwasa kowane tiyo a ga ko zai fashe. A kuma nemi ɗan ramin da ruwa ke tsartowa daga gefen injin, domin zanzaro na son wannan rami ƙwarai: yakan liƙe shi da laka tsaf, ya shafe bakin sumul, har mutum ya rantse haka kamfani ya yi shi. A zura siririyar waya ko igiyar fatsa mai kauri a fasa ginin, a yi haka ma a ramukan zuƙar ruwa da ke ƙasan ƙafar injin.

Bayan an share ƙura daga kewayen buji, wato fulogi, don kada ta faɗa ciki, sai a kwance su duka. A kwantar da injin yadda ramukan buji za su kalli sama, a zuba kamar cokalin shayi ɗaya ko biyu na man inji mai bugu biyu, wato wanda ake rubuta wa 2T, a cikin kowace silinda, a bar shi ya kwana. Washegari a tsayar da injin, a tabbatar giya tana firi, a kama faifan ƙarfen da ke samansa da hannu biyu a juya shi a hankali ta ɓangaren da hannun agogo ke bi. Idan ya juya lami lafiya, ba kartar ƙarfe, ba wurin da yake cijewa, to an tsallake babban shinge. A ci gaba da juya shi sau da yawa domin man ya bi jikin silinda ya kai ga zobban fistin.

Idan kuwa ya ƙi motsi, a nan ake bukatar haƙuri, kuma a nan ne aka fi kashe injuna. Kada a ɗora dogon ƙarfe a kan notin faifan a danna da ƙarfi, kada kuma a zura sanda ta ramin buji a buga da guduma, domin zoben da ya manne da silinda karyewa yake yi, ya kuma karce ta. A cika silindar da man sassauta tsatsa, ko man gas gauraye da ɗan baƙin mai, a bar shi kwanaki, kullum a zo a ɗan girgiza faifan gaba da baya gwargwadon abin da hannu zai iya. Yana da kyau kuma a sauke ƙafar injin kafin a yanke hukunci, saboda wani lokaci fistin lafiyarsa ƙalau, giyar ƙasa ce ruwa ya shiga ta yi tsatsa ta riƙe sandar da ke juya farfela. Da zarar injin ya saki, a nemi ma'aunin matsi a garejin mota a gwada kowace silinda. Ƙananan injuna masu lafiya sukan nuna wajen 6 zuwa 8 a awon matsi da ake kira bar, amma abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne silindu biyun su yi kusa da juna, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Idan ɗaya ta faɗi ƙasa warwas, gara a tsaya a yi lissafi kafin a kashe kuɗi a kan sauran gyare-gyare.

Sai batun famfon ruwa, wanda a ganina shi ne zuciyar wannan aiki. Robar da ke cikinsa tana da fuka-fukai da ke zaune a lanƙwashe a cikin kwanon famfon, kuma idan ta yi shekaru a haka cikin zafi sai ta sandare a lanƙwashe, ko ta tsage daga gindi. Ba a gane wannan daga waje, kuma ba dabara ba ce a ce bari a tayar a gani, domin fiffiken da ya gutsure yakan bi bututu ya hau cikin injin ya toshe hanyar ruwa a wurin da hannu ba ya kaiwa. Saboda haka injin da ya wuce shekara biyu a ajiye canza masa robar ake yi, ko da tsohuwar tana da kyan gani. Kuɗinta bai kai ko kusa da na fistin ɗaya.

Ana kwance mahaɗin sandar giya, a cire ƙusoshin da ke riƙe da ƙafar injin, a zare ta ƙasa a hankali. Kwanon famfon yana nan a kan doguwar sandar da ta fito daga ƙafar, sai a kwance shi a ɗaga. Akwai wani ɗan guntun ƙarfe da ke kulle robar da sandar, bai fi ƙwayar wake ba, kuma idan ya faɗi cikin rairayi an rabu da shi, don haka a shimfiɗa buhu ko tire a ƙasa kafin a fara. Idan tsohuwar robar ta fito da fiffike a guntule, dole ne a nemo guntun. A duba farantin da ke ƙarƙashinta da cikin kwanon, idan yashi ya yi musu zane mai zurfi a canza su su ma, abin da ya zama ruwan dare ga injin da ya yi aiki a ruwa mai laka irin namu. Wajen mayarwa a shafa wa sabuwar robar ɗan sabulun ruwa, a riƙa juya sandar ta ɓangaren hannun agogo ana danna kwanon ƙasa, domin fuka-fukan su kwanta ta inda ya dace. A shafa giris a haƙoran saman sandar amma ban da kan tsininta, sannan a lura bututun ruwa ya shiga mazauninsa lokacin da ake mayar da ƙafar.

Tun da hannu yana wurin, a duba man giya. Akwai sukuru biyu a jikin ƙafar, na ƙasa da na sama, sai a tara kwano a kwance su. Baƙin mai tsoho ba abin damuwa ba ne, amma idan ya fito fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwa na shiga, kuma sai an canza robobin da ke tare mai. A cire farfela a duba bayanta, domin zaren koma ko igiyar fatsa da ta naɗe a wurin ita ce ta fi yanka wannan roba. Ana ɗura sabon man giya mai lamba 90 ta ramin ƙasa har sai ya ɓullo ta na sama, a fara ɗaure na sama, sannan a zare bakin mazubin man a ɗaure na ƙasa da sauri. Idan aka zuba ta sama iska takan maƙale a ciki, mutum ya zaci ya cika alhali rabi ne.

Tsohon fetur ba ya gyaruwa. Wanda ya rage a tanki ya riga ya tashi ya bar wani danƙo ja mai warin fenti, sai a zubar da shi, a ɗauraye tankin da sabon fetur, a haska tocila a ciki. Tankin ƙarfe da ya yi tsatsa sosai ya fi kyau a haƙura da shi a sayi na roba. A canza tiyon mai da ƙwallon robar da ake matsawa, a lura da kibiyar da ke jikin ƙwallon ta fuskanci injin, a wanke ƴar rariyar tace mai, a kuma buɗe famfon mai a duba siririyar robar da ke cikinsa, wadda ita ma zafi ke busarwa.

Kabureta kuwa sai an kwance ta, fesa mata magani ta baki ba ya isa. Kafin a cire sukurun daidaita silo, wato aikin inji a hankali ba tare da an zuga shi ba, a fara ɗaure shi a hankali har ya zauna ana ƙirga zagayen da ya yi, a rubuta, domin a mayar da shi daidai inda yake. A cire kwanon ƙasa, a fitar da fulot, wato abin da ke shawagi a kan man kwanon, da allurarsa, da jet-jet ɗin, wato ƴan sukurun tagulla masu ramin da mai ke bi, a jiƙa ƙarafan a maganin wanke kabureta, sannan a hure kowace kafa da iska mai ƙarfi, wadda ake samu wajen masu facin taya. A ɗaga kowane jet a kalli rana ta cikinsa, sai an ga haske zagaye sosai kafin a ce ya fita. Na silo ya fi kowanne ƙanƙanta, kuma shi ne ke sa inji ya tashi da cok amma ya mutu da zarar an mayar da shi. Ban yarda da al'adar soka allurar ɗinki ko wayar ƙarfe a cikin jet ba, domin tagulla ce mai laushi, ramin yana faɗaɗa, injin ya koma shan mai fiye da kima har abada. Silin wayar lantarki guda ɗaya mai laushi ya wadatar. A girgiza fulot a kusa da kunne, idan an ji mai a cikinsa ya huje ke nan.

Ga wuta, a sa sababbin buji masu lambar da kamfani ya tsara, kada a ɗauko na babur don kawai zarensa ya shiga, saboda tsawo da jure zafinsu sun bambanta, kuma wanda bai dace ba yana iya huda kan fistin. A sa buji a hularsa, a jingina jikinsa da ƙarfen injin nesa da ramin silinda da duk wani fetur, a ja igiya a cikin inuwa. Ana son tartsatsi shuɗi mai ƙara, ba ja mai rauni ba. Injunan da suka girmi tsarin lantarki na zamani da ake kira CDI suna da kontak da kwandansa, masu sarrafa wutar buji, a ƙarƙashin faifan sama, kuma bakin kontak yakan yi datti idan ya zauna. A ciro faifan da na'urar jawo shi, ba da guduma ba, a goge bakin kontak da samfefa mai laushi, a daidaita tazararsa, wadda a tsofaffin Johnson da Evinrude rabin milimita ce. Kwayil ɗin waɗannan injuna na shekarun 1950 da 1960, wato naɗaɗɗun wayoyin da ke samar da wutar buji, sun shahara da tsagewa, idan an ga tsaga a jikinsu canji ne maganinsu. Idan babu wuta ko kaɗan, a fara duba maɓallin kashewa da igiyarsa kafin a zargi wani abu mai tsada.

Wajen haɗa mai a yi awo, kada a yi kirdado. Ɗaya cikin 50 na nufin mililita 20 na mai a kowace lita ta fetur, wato mililita 200 a lita 10, kuma babban sirinji na kantin magani yana yin wannan aiki daidai. Ga injin da ke shan ɗaya cikin 50, a tankin farko bayan doguwar ajiya ana iya ninkawa zuwa mililita 40 a lita, hayaƙi zai yi yawa amma ƙarafan da suka bushe za su amfana. Man da aka yi domin injin ruwa shi ne mai alamar TC-W3, ya kuma fi na babur dacewa saboda injin ruwa ba ya yin zafi kamar wanda iska ke sanyaya shi. Idan a bakin titi aka sayi fetur na kwalba, a bar shi ya kwanta a cikin bido mai haske, a duba ko ruwa ya taru a ƙasa, a tace shi da ƙyalle mai tsabta.

Yanzu ne aka zo ga igiya. A sami gangar ƙarfe mai cin lita 200 da aka yanke bakinta, a ɗaure injin a katakon da aka gicciya a kai, a cika ruwa har ya rufe faffaɗan farantin da ke saman farfela ya haura shi da kamar taƙi ɗaya, domin famfon ya nutse. A yi wannan a fili, ba cikin shago ba, saboda hayaƙinsa guba ne, a kuma kori yara daga wurin. A buɗe ɗan sukurun iska na murfin tanki, a matsa ƙwallon roba har ya yi tauri, a duba ko mai na ɗiga daga kabureta, a sa giya a firi, a ja cok, a juya hannun totur zuwa alamar tayarwa. A ja igiyar a hankali har a ji ta kama, sannan a fizge ta da tsawon hannu, a kuma raka ta ta koma maimakon a sake ta. Da injin ya yi tari, a mayar da cok a sake ja.

Da ya tashi, ido ya koma kan ruwa, ba kan hayaƙi ba. Cikin daƙiƙa 15 zuwa 20 ya kamata a ga ruwa yana tsartowa daga ɗan ramin nan, ko kuma, a injunan da suka tsufa ƙwarai da ba su da shi, yana fesowa tare da hayaƙi ta ramin da ke bayan ƙafar. Idan bai fito ba a kashe nan take a bincika. Idan ya fito, a bar injin a silo, kada a riƙa zuga shi a firi don a ji ƙararsa. Bayan mintuna kaɗan a taɓa kan silinda: ya kamata ya yi ɗumi yadda hannu zai jure na ƴan daƙiƙu, idan kuwa yana ƙona yatsa to ruwa ba ya zagayawa yadda ya kamata, kuma a duba na'urar daidaita zafi da ke kan silinda ko ta maƙale. Ruwan gangar kansa yana yin zafi, don haka a riƙa ƙara sabo.

Idan an ja sau da yawa bai tashi ba, buji ne zai ba da labari. In ya fito a jiƙe da fetur, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni, sai a busar da shi, a ja igiya babu cok. In ya fito a bushe, mai bai iso ba, a koma kan tiyo da famfo da allurar fulot. Injin da ke atishawa a silo mai ne ya yi masa kaɗan, sai a ɗan sassauta sukurun silo da kwatan zagaye, a saurara, a ƙara idan da bukata.

Gwajin ganga ba ya nuna ƙarfin inji, sai an ɗora masa kaya a ruwa. Ranar da za a kai shi Madarunfa a tafi da filafili, da rigar ceto ga duk wanda zai shiga jirgin, da buji na ajiya da sifanarsa, da igiyar tayarwa ta biyu, da kuma ƴan ƙusoshin farfela idan injin irin mai ƙusar nan ne da ke karyewa da gangan lokacin da farfela ta bugi kututture. A ɗaure injin da igiya a jikin jirgi ban da maƙalansa, a zagaya kusa da gaɓa a rabin totur na kamar rabin awa kafin a buɗe masa wuta, ana waiwayen ruwan da ke tsartowa, ana kuma kauce wa komar masunta da wuraren da ciyawa ta yi yawa. Bayan an fito a bar injin ya tsaya a tsaye na ɗan lokaci, sannan a ɗan sassauta sukurun ƙasa na man giya a ga launin ɗigon farko, domin sai bayan ya yi aiki a ruwa ne ake sanin ko robobin ƙafar suna riƙe da mai.